TARIHIN KYAMARA MARA MADUBI, DA ABIN DA ZA KA DUBA KAFIN KA KAI KUƊINKA KASUWA

Yau ba saitin waya za mu yi ba, tarihi za mu ɗan taɓa. Rubutun yana da tsawo, don haka a gyara zama.

Ga abin da ya jawo shi. Kwanakin baya ƙanin wani abokina ya shigo shagonmu da wata 'yar kyamara a cikin leda. Yaron da waya ya fara ɗaukar hoton suna da na kamu, ya yi wata da watanni yana tari, har adashi ya shiga, sannan ya sayi kyamarar ta hannu. Ƙarama ce, fes da ita, irin wadda ake cire gilashin gabanta a sa wani, wato abin da masu hoto ke ce wa lenz. Ya ce, "Yaya, don Allah duba min, lenz ɗin ne ya maƙale, ba ya fita ba ya komawa."

Na ce masa ni fa waya nake gyarawa, amma kawo mu gani. Da na buɗe sai na tarar haƙoran robar da ke juya shi sun karye. Na ce ai da sauƙi, wani lenz ɗin za a saya a ɗaura. Muka zagaya kasuwa, muka kira na Legas a waya. Duk wanda muka gaya wa irin bakin kyamarar sai ya ce, "Ai an daina yin wannan." Guda ɗaya da aka samo mana, kuɗinsa da na kawowa ya kusa kamo kuɗin kyamarar gaba ɗaya. Yaron ya zauna a kan benci ya yi shiru, ga shi ya riga ya karɓi aikin biki na ƙarshen mako.

Ba wanda ya cuce shi. Mai sayarwa bai ɓoye masa komai ba, jikin kyamarar kuma lafiyarsa ƙalau. Abu ɗaya ne bai sani ba: idan ka sayi irin wannan kyamara, ba jikinta kaɗai ka saya ba, bakinta ka saya, kuma baki yana mutuwa. In kana son gane yadda hakan ke faruwa, sai mun koma baya. Waiwaye adon tafiya.

ME MADUBI YAKE YI A CIKIN KYAMARA?

Babbar baƙar kyamarar nan da kake gani a wuyan masu hoton biki, mai ƙusumbi a sama, mai ƙarar "karas" in an danna, ita ake kira DSLR. A cikinta, bayan lenz, akwai ɗan madubi a karkace. Haske yana shigowa ta lenz ya bugi madubin, madubin ya tura shi sama cikin ƙusumbin nan, inda wani dunƙulen gilashi yake miƙar da hoton ya aiko shi tagar da kake sa ido. Idan ka danna, madubin ya yi tsalle sama ya ba haske hanya, labule ya buɗe, hasken ya sauka a kan sensa, madubi ya dawo mazauninsa. Yawancin ƙarar da kake ji ta wannan tsallen ce.

Ita kuwa mara madubi, wadda a kasuwa za ka ji ana ce mata mirales, ba ta da wannan duka. Haske daga lenz kai tsaye yake sauka a kan sensa, sensa ta aika hoton sikirin. Ka gane inda na dosa? Haka kyamarar wayarka take aiki. Bambancin dai sensar ta ninka ta waya girma, kuma lenz ɗin ana cire shi a canza.

To in haka ne, me ya kai madubi ciki tun farko?

DAGA JAMUS ZUWA JAPAN

A zamanin fim aka sa shi, don fim ba ya nuna maka komai sai an wanke shi. Kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya, wani injiniya mai suna Oskar Barnack da ke aiki a kamfanin Leitz a garin Wetzlar na Jamus ya ƙera wata 'yar kyamara mai amfani da fim ɗin silima mai faɗin milimita 35. A 1925 aka fito da ita kasuwa da sunan Leica. Girman kowane hoto a kan fim ɗin milimita 36 ne da 24. Riƙe wannan awon a ka, don har yau shi ne ma'aunin da ake auna sensa da shi, shi ake nufi in an ce ful firem.

Abin mamaki, Leica ba ta da madubi, ƙarama ce tana shiga aljihun riga, kuma daga 1930 an fara canza mata lenz. Matsalarta ita ce tagar leƙe daban take, lenz daban. Abin da idonka ke gani ba shi ne daidai abin da fim zai kama ba, musamman in abin yana kusa da kai ko kuma ka ɗaura dogon lenz na jawo nesa. Sai ka saita mutum a tsakiya, a wanke hoto ka ga an gutsure masa hula.

Madubi ne ya yi maganin wannan, tunda da shi ta cikin lenz ɗin kansa kake leƙawa. A 1936 kamfanin Ihagee na birnin Dresden ya fito da Kine Exakta mai madubi a kan fim na 35. A 1949 Contax S, ita ma daga Dresden, ta zo da dunƙulen gilashin nan mai miƙar da hoto. Daga nan Japanawa suka karɓe ragama. A 1954 kamfanin Asahi, masu Pentax, suka yi wadda madubinta ke dawowa nan take bayan an danna. A 1959 Nikon F ta fito, ta zama kyamarar 'yan jarida da masu ɗaukar hoton yaƙi.

Amma madubi yana da haraji. Dole a bar masa fili ya yi tsalle, don haka dole lenz ya yi nesa da fim. A bakin Nikon F tazarar milimita 46.5 ce. A bakin Canon EF, wanda ya fito a 1987, milimita 44 ce. Wannan filin ne ya sa kyamarar ta yi kauri da nauyi.

Tun a wancan lokacin ma an ɗanɗana mutuwar baki. Da Canon ta kawo EF a 1987, ta ajiye tsohon bakinta mai suna FD, kuma lenz na FD ba ya hawa sabbin kyamarorin kai tsaye. Mutanen da suka kashe dukiya suka tara lenz suka wayi gari kayansu sun zama na da. Mu masu waya mun san irin wannan. Wa ya tuna cajar Nokia mai babban baki da mai ƙaramin baki?

FIM YA TAFI, MADUBI YA ƘI TAFIYA

A 1975 wani matashin injiniyan Kodak a Amurka, Steven Sasson, ya haɗa kyamarar dijital ta farko. Nauyinta ya haura kilo 3, hotonta baƙi da fari ne, megafiksel 0.01 kacal, kuma sai ta yi daƙiƙa 23 kafin ta ajiye hoto ɗaya a kan kaset. A 1991 Kodak ta fara sayar da mai megafiksel 1.3 wadda aka gina a jikin Nikon F3. A 1999 Nikon D1 ta fito, a 2003 kuma Canon EOS 300D ta sauko ƙasa da dala 1000, talaka ya fara jin ƙamshi. Ita Kodak ɗin da ta fara abin, a Janairun 2012 ta shigar da takardar karyewar jari.

Lura da abin da kamfanonin suka yi. Fim suka cire suka sa sensa a gurbinsa, sauran komai suka bar shi yadda yake, har da madubi. Suna da dalili. Na farko, jama'a suna riƙe da miliyoyin lenz da aka yi wa tsohon baki. Na biyu, na'urar da ke saita fokas da sauri a ƙarƙashin madubin take zaune, shi yake ba ta haske. Na uku, sensar lokacin tana ɗaukar zafi in an bar ta a kunne, sikirin ɗin lokacin kuma dishi-dishi ne.

A gefe guda kuma ga ƙananan kyamarorin aljihu, irin waɗanda ake zuwa yawon sallah da su kafin zuwan Android. Su ba su da madubi, suna nuna hoto a sikirin kai tsaye, amma sensarsu ƙanƙanuwa ce kuma lenz ɗinsu a manne yake. Wato zaɓi biyu ne a gabanka: ko ka ɗauki mai kyan hoto ka sha nauyi, ko ka ɗauki mara nauyi ka haƙura da hoton dare.

2008: SHEKARAR DA AKA CIRE MADUBI

Ba manyan ne suka cire shi ba. Canon da Nikon suna cin kasuwarsu, ba abin da ya dame su. Waɗanda aka bari a baya ne suka yi ƙundunbala. A watan Agustan 2008 Olympus da Panasonic suka sanar da sabon baki mai suna Micro Four Thirds. Sun riƙe girman sensar da suke amfani da ita a DSLR ɗinsu, milimita 17.3 da 13, suka cire madubi, tazarar lenz da sensa ta dawo wajen milimita 20, kusan rabin ta da.

A Satumbar shekarar aka nuna Panasonic Lumix G1, mai megafiksel 12. Ita ake lissafawa a matsayin ta farko a wannan zuri'a. An yi Epson R-D1 a 2004 da Leica M8 a 2006 waɗanda su ma ba su da madubi, amma su tsarin tsohuwar Leica suka bi, da hannu ake saita fokas kuma ba sa nuna hoto a sikirin kafin a danna. G1 kuwa ɗan ƙaramin sikirin aka sa a cikin tagar leƙenta. Wani abin dariya, ko bidiyo ba ta ɗauka, sai ƙanwarta GH1 ta 2009. Kuma an yi mata ƙusumbi kamar DSLR duk da ba madubi a ciki, don ido ya saba da wannan siffar.

A 2009 ne abin ya fito da kamanninsa na gaskiya. Olympus ta kawo PEN E-P1, ta ba ta sunan 'yar kyamararta ta fim ta 1959 wadda Yoshihisa Maitani ya zana. Panasonic ta kawo GF1 da wani lenz falle mai lamba 20mm f/1.7. A nan duniya ta ga kyamarar da ke shiga ƙaramar jaka amma hotonta yana gogayya da na manya.

RUBUBI

Da aka ga akwai ci, kowa ya shigo da nasa bakin. A farkon 2010 Samsung ta Koriya ta Kudu ta kawo NX10 da sensa mai girman da ake kira APS-C, wajen milimita 23.5 da 15.6, wato ta fi ta Micro Four Thirds. A watan Mayun shekarar Sony ta kawo NEX-3 da NEX-5 da baki mai suna E, tazararsa milimita 18. Ita Sony a 2006 ta gaji harkar kyamarar Konica Minolta. A 2011 kuma ta yi wata dabara: ta buɗe wa sauran masu ƙera lenz awon bakin E ba tare da kuɗi ba. Wannan na cikin abin da ya sa yau Sigma da Tamron da kamfanonin China irin su Viltrox suke da tulin lenz na wannan baki.

A 2011 Pentax ta kawo Q, 'yar mitsitsiya. Nikon ta kawo zuri'ar Nikon 1 da sensa mai milimita 13.2 da 8.8. A 2012 Fujifilm ta kawo X-Pro1 da bakin X, Olympus ta kawo OM-D E-M5 wadda sensarta ke motsi da kanta don ta kashe rawar hannu, Canon kuma ta shigo a makare da EOS M mai bakin EF-M.

Ka lura, manyan biyu da ƙafa ɗaya suka shigo. Nikon ta zaɓi ƙaramar sensa, Canon ta yi ta jan ƙafa wajen ƙera lenz. Da alama ba wanda yake son sabuwar haja ta kashe masa kasuwar DSLR.

Na farkon nan suna da laifuffuka na gaske. Fokas ɗinsu yana laluben abu gaba da baya kafin ya kama, sikirin ɗin tagar leƙe yana jinkiri, batir ba ya jimawa. Shi ya sa ƙwararru suka raina su. Abin ya canza ne da aka fara dasa ma'aunan fokas a jikin sensar kanta, aikin da a da sai da madubi. Nikon 1 tana cikin na farko da suka zo da wannan. A Oktoban 2013 Sony ta kawo A7 da A7R masu sensa ful firem, awon Barnack na 1925 cif, a cikin jiki mara madubi. A 2014 ta kawo A6000 mai megafiksel 24, wadda har yau tana yawo a kasuwar kayan hannu. A 2017 A9 ta zo tana ɗaukar hoto 20 a daƙiƙa ɗaya, shiru ba ƙara, kuma tagar leƙe ba ta yin duhu. Masu ɗaukar ƙwallo, waɗanda su ne ƙashin bayan DSLR, suka fara waiwaye.

WAYA TA CI KASUWA, MANYA SUKA SAUKO

Duk wannan yana faruwa ne a lokacin da abin da ke hannunka yanzu yake cinye kasuwar kyamara. Ƙungiyar masu ƙera kyamara ta Japan, CIPA, ta lissafa wajen kyamarorin dijital miliyan 121 da aka fitar a 2010. Zuwa 2020 ba su kai miliyan 10 ba. Ƙananan na aljihu ne suka fi shan kashi, don wa zai ɗauki kaya biyu alhali waya tana yin aikin? Abin da ya rage wa kamfanoni shi ne su sayar da abin da waya ba za ta iya ba, wato babbar sensa da lenz na canzawa.

A 2018 manyan suka sauko gaba ɗaya. A Agusta Nikon ta kawo Z6 da Z7 da sabon baki mai suna Z, tazararsa milimita 16. A Satumba Canon ta kawo EOS R da bakin RF, tazara milimita 20. A watan dai Leica da Panasonic da Sigma suka haɗa kai a kan bakin L. A 2020, a karon farko, yawan marasa madubi da aka fitar ya wuce na DSLR. Canon EOS-1D X Mark III da Nikon D6, duka na 2020, su ne manyan DSLR na ƙarshe daga kamfanonin biyu. A 2021 Nikon Z9 ta fito ko labulen ƙarfe babu a cikinta. Pentax ce ta tsaya a kan madubi.

BAKUNAN DA AKA BARI A HANYA

Yauwa, ga inda tarihin ya shafi aljihunka. Cikin waɗanda suka shiga rububin nan, ba kowa ne ya kai labari ba.

Samsung NX. A 2014 Samsung ta yi NX1 mai megafiksel 28 da bidiyon 4K, kyamarar da ta sha yabo sosai. Ba a yi shekara biyu ba kamfanin ya janye daga harkar, ya koma kan wayoyinsa.

Pentax Q. Ta ƙarshe a 2014 ta fito.

Nikon 1, irin su J1 da V1 da J5. A 2018 aka rufe babinsu, shekarar da Z ta zo. Lenz ɗinsu ba ya hawa Z.

Canon EF-M, irin su M10 da M100 da M50. M50 ta 2018 ta yi farin jini sosai wajen masu YouTube, amma lenz 8 kacal Canon ta ƙera wa wannan baki, kuma a 2023 aka daina zuri'ar. Lenz na EF-M ba ya hawa RF, ko da adafta.

Olympus kuwa ta sayar da sashen kyamararta, daga Janairun 2021 ya zama OM Digital Solutions. Amma bakin Micro Four Thirds bai mutu ba, saboda tun farko ba na kamfani ɗaya ba ne. Panasonic na nan, sabon kamfanin na nan, lenz na wannan yana hawa kyamarar wancan.

Ka tuna BlackBerry da wayoyin Windows? Wallahi wasunsu sun fi Android na lokacin ƙarko. Amma ranar da WhatsApp ya daina hawa, sai suka koma tocilan da agogo. Haka kyamarar da bakinta ya mutu take. Za ta ci gaba da ɗaukar hoto mai kyau har ranar da lenz ya faɗi ƙasa, ko ranar da aikinka ya girma kake son wani. Kuma irin waɗannan su ne suke cika kasuwar tokumbo da farashi mai daɗi, don masu su a Turai da Amurka sun sauke su sun koma sabon baki. Araha ba ta ado.

Kada a fahimce ni baibai, ban ce shara ba ce. Wanda yake da M50, akwai adaftar da ke ba shi damar ɗaura lenz na EF na DSLR, kuma zuwa 2014 Canon ta riga ta ƙera irinsu miliyan 100, don haka ba za su yanke a kasuwa nan kusa ba. Dalilin da ya sa adafta ke aiki shi ne tazarar nan da muka yi ta lissafi: lenz na EF yana son milimita 44, bakin mara madubi 18 ne ko 20, sai adafta ta cike ragowar. Amma daga wata mara madubi zuwa wata, yawanci ba filin da adaftar za ta zauna. In za ka sayi mai mataccen baki, ka saya ido buɗe, a farashin da in ta tsaya ba za ka yi kuka ba.

TO YANZU ME ZAN DUBA?

1. Baki kafin jiki. Tambayar farko ba "megafiksel nawa ce" ba, "wane baki ce da shi". Masu rai a yau su ne Sony E, Fujifilm X, Micro Four Thirds, Nikon Z, Canon RF da L. Bayan haka ka tambayi masu hoto na garinku wanne suka fi riƙewa. Bakin da abokan sana'arka suke da shi, shi za ka samu aron lenz da batir ranar da ka maƙale.

2. In ƙarama kake so, kada ful firem ta ruɗe ka. Cire madubi ya rage jiki ne kawai, bai rage lenz ba. Babbar sensa babban lenz take buƙata. Masu APS-C irin su Sony A6400 da ZV-E10, Nikon Z50 da Z30, Canon R50, ko ƙananan Fujifilm, da kuma na Micro Four Thirds, su ne ƙanana na gaskiya. Sai dai ka sani ZV-E10 da Z30 ba su da tagar leƙe, sikirin ne kawai, kuma a ranar tsaka ta Arewa sikirin wuyar gani yake.

3. Raba kuɗinka biyu. Lenz ɗin da ake haɗowa da kyamara yana aiki da rana, amma a ɗakin taro da dare yana gazawa. Nemi ƙaramin lenz mara zum mai lamba f/1.8 ko kusa da haka, 35mm a kan APS-C ko 25mm a kan Micro Four Thirds. Shi ke shan haske da yawa, shi ke narkar da bayan mutum. Tsohon jiki da lenz mai kyau ya fi sabon jiki da lenz na banza.

4. Batir. Tunda sensa da sikirin kullum a kunne suke, ƙananan nan hoto 300 da wani abu suke yi a caji ɗaya, alhali DSLR tana ninka haka. Da halin wutarmu, ka sayi batir biyu ko uku, kuma ka duba ko tana caji ta USB don ka jona ta da fawa bank.

5. Ƙura. A DSLR madubi da labule suna tsare sensa. A yawancin marasa madubi kana cire lenz sensa ce tsirara a gabanka. Lokacin hunturu kada ka canza lenz a waje. Shiga ɗaki ko mota, ka kashe kyamarar, ka kifa bakinta ƙasa. Kada ka hura da baki, kada ka goge da gefen riga, 'yar robar hura iska ake amfani da ita.

6. In bidiyo za ka yi, duba ko tana da ramin makirfo, don A6000 misali ba ta da shi. Da yawa daga tsofaffin kuma suna yanke ɗauka kafin minti 30 ya cika, wasu suna ɗaukar zafi a 4K. Mai ɗaukar karatu ko taro ya gwada wannan kafin ya biya.

7. In ta hannu ce, kada ka yi cinikin biri a sama. Je da memorinka. Sa lamba f/16 ka ɗauki farin bango ko sararin sama, ka zuƙo hoton ka ga ko akwai ɗige-ɗige ko layi. Haska tocilan wayarka ta cikin lenz ka duba hazo ko wani abu kamar saƙar gizo. Duba 'yan ƙarafan zinaren da ke bakin, kada a samu wanda ya lotsa ko ya yi tsatsa. Duba kan sukurori, in sun ci alamar sukundireba an taɓa buɗe ta, wannan kam sana'ata ce. Tambayi adadin hotunan da labulen ya ɗauka, kamar yadda ake duba tafiyar mota. Sannan shiga saiti ka tabbatar akwai Turanci, don wasu Sony da aka yi wa kasuwar Japan da Japananci kawai suke zuwa.

Wanda kuma yake da DSLR tana masa aiki, kada wannan rubutu ya tayar masa da hankali. Tsohuwar zuma da ita ake magani. Lenz ɗinka na EF ko na F zai bi ka zuwa RF ko Z da adafta duk ranar da ka shirya.

Shi yaron namu, a ƙarshe aron kyamara ya yi ya fita kunyar masu biki. Tasa kuma mun samo mata adafta ta ƙarfe zalla da wani tsohon lenz na zamanin fim, yana saita fokas da hannu kamar mutanen 1959. Hoton yana fita da kyau, sai dai in amarya ta motsa sai ya sake lale. Ya fara sabon tari, kuma jiya da ya biyo ta shago na ji yana tambayar wani a waya, "Oga, kafin ka gaya min kuɗi, wane baki ce da shi?"

Duk wanda yake shirin saye ya ajiye wannan rubutu, ya kuma tura wa ɗan uwansa. Allah Ya sa wa nema albarka. Sai mun haɗu a darasi na gaba.